Tabo biyu a hoton kan Abba

Assalamu alaikum ƴan uwa. Na daɗe ina so in rubuta wannan abu amma duk sanda na ɗauki waya sai jikina ya mutu in aje, yau dai nace bari in daure in faɗe shi yadda ya faru, ko da ba a jere ba.

Ni malamar lakwal ce a nan Damagaram, ƙananan aji nake riƙewa. Maigidana ɗan gwaggona ne, uwarsa da babana ciki ɗaya suka fito, tun ina yarinya Yaya nake ce masa kuma har yau bakina bai canza ba. Yana da ɗan shagonsa a kasuwar Dole. Ƴaƴanmu uku, na farin sunan babana ya ci shi yasa muke ce masa Abba, 2014 aka haife shi, sai ƙanensa namiji, sai auta Ummi.

Abba tun yana ƙarami dogo ne siriri, in ya tsaya cikin sa'o'insa kansa ne a sama, yatsunsa zara zara kamar na mace, mutane suna ta cewa wannan tsawo na gidanku ne. Lafiyarsa lau in ban da masassara irin ta kowane yaro da damina. Abin da ya fara damuna karatu ne. Da aka sa shi CI, ajin farko na firamare, sai malaminsu yake ce min yaron nan baya kwafar abin da ke tablo, sai ya taso har gaba ya kusa manna hancinsa. Muka kai shi aka auna ido aka ba shi tabarau, kafin shekara ta zagayo tabaran ya daina masa aiki aka sake wani mai kauri, aka kuma sake wani wanda ya fi shi, har yara suka sa masa suna mai gindin kwalba. Ba wanda ya taɓa tsayawa ya tambayi me yasa idon yaro ɗan shekara 7 zai riƙa lalacewa da gudu haka, ni ma ban tambaya ba, na ɗauka ai kallon waya ne. Ya kuma maimaita aji ɗaya, ga ni malama a lakwal ɗin, wlh kunya ta sa na riƙa matsa masa fiye da kima, kullum da dare ni da shi da ardwaz da bulala a gefe.

Toh azumin 2024 ne abin ya same mu. Duk wanda ke Damagaram ya san irin zafin da aka sha a wannan azumin, ga matsalar ruwa da muka saba da ita, famfo sai ya kwana biyu bai ɗiga ba sai dai ƴan garuwa. Abba yana da shekara 10 ya nace shi fa bana cikakke zai yi ba rabi ba saboda abokansa suna ƙirga nasu suna masa dariya. Babansa har daɗi yake ji yana cewa ɗana ya girma. Ya kai azumi goma sha wani abu. Ran da abin zai faru bayan la'asar na aike shi ya karɓo min ƙanƙara a maƙwabta, ya dawo ya shigo zaure sai naji faɗuwar roba, na fito ina shirin faɗa sai na gan shi zaune a ƙasa ya jingina da bango yana kallona, bakinsa ya karkace gefe ɗaya miyau na zuba, hannun dama ya saki kamar tsumma. Nace Abba mene ne, yana buɗe baki yana rufewa ba abin da ke fita sai wani sauti. Idonsa biyu fa, yana jina, amma magana ta ɗauke.

Nan ne muka yi kuskuren da har in mutu bazan manta ba. Gida ya cika, Gwaggo ta zo tace wannan iska ce, yaro ya bi ta inda bai kamata ba da yamma, aka kira malam ya yi tofi aka yi hayaƙi aka shafa masa rubutu, aka ɗaura masa laya a damtse. Ni da na je makaranta ina tsaye ina kallo, zuciyata tana ce min a tafi likita amma bakina ya kasa musu da uwar mijina kuma ƙanwar ubana. Muka kwana a gida. A daren nan kuma aka fara ƙus ƙus wai wata tsohuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu ita ce ta ba shi dabino jiya da shan ruwa, wai dama ana faɗin bakinta ba kyau. Allah ya yafe min, ni ma na yarda a lokacin.

Da safe da Yaya ya ga ƙafar dama ma ta daina ɗaukarsa sai ya nemo adaidaita bai ce wa kowa komai ba muka tafi. A irjans, sashen gaggawa, suka fara da abin da aka saba, gwajin palu wato zazzaɓin sauro, babu. Suka ɗebi ruwan bayansa saboda lokacin sanƙarau ne, shi ma fes. Wani likita yace a duba sikila dan ita ce ta fi kawo wa yara irin wannan a ƙasashenmu, rezilta ya fito AA. Sai aka rubuta mana sikanar na kai, sai da muka ƙara kwana kafin aka samu aka yi.

Sikanar ɗin bai ɗau lokaci ba, minti kaɗan an gama. Likitan ya ɗaga hoton a fitila ya nuna mana wani wuri a ɓangaren hagu da ya fi sauran duhu, yace babu jinin da ya zuba dan da jini ne da fari tas zai fito, wannan jijiya ce ta toshe wurin ya rasa jini, yace AVC ne. Yaya yace likita AVC ba shi ne shanyewar ɓarin jiki na tsofaffi masu hawan jini ba? Yace shi ne, yara ma suna yi sai dai ba kasafai ba, kuma in yaro ya yi dole akwai dalili a ƙasa, sai an tono shi in ba haka ba zai iya dawowa. Ni abin da ya ɗaure min kai hagu da dama ne, nace ai hannun dama ne ya mutu ya kuke nuna hagu, sai yace min ƙwaƙwalwa a gicciye take aiki, ɓangaren hagu ke juya jikin dama kuma a yawancin mutane can ne mazaunin magana, shi yasa hannu da baki suka tafi tare. Yace mu nemi IRM a Yamai, wanda ƴan Najeriya ke cewa MRI, mu ga likitan ƙwaƙwalwa.

Bazan tsaya dogon labarin kuɗi ba, duk wanda ya taɓa jinya ya sani. Ɗan kunnena na zinari na aure ya tafi, awakina biyu suka tafi, ƴan adashinmu suka bani kwasa ba layina ba, abokan aiki suka haɗa abin da suka haɗa. Muka hau bas da asuba, kusan kilomita 900, Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, Abba kwance rabin jikinsa a cinyata rabi a ta babansa, ba mu shiga Yamai ba sai dare. Muka sauka gidan wani ɗan uwan Yaya.

Ranar IRM kwana tara kenan da faɗuwarsa. Kafin a shiga wata ma'aikaciya ta tsare mu da tambaya, akwai ƙarfe a jikinsa, an taɓa masa aiki, ta sa aka cire tabarau aka cire komai har layar Gwaggo dan akwai ɗan zobe a jikinta. Tace injin ɗin mayen ƙarfe ne babba, ko makulli ka shiga da shi fizge shi zai yi, kuma shi ba ya amfani da irin hasken da ake ɗaukar radiyon ƙashi da sikanar da shi. Suka ce in yaron bazai iya kwanciya shiru ba sai an sa masa maganin barci, na durƙusa nace Abba dan Allah ka daure kar ka motsa, ya gyaɗa min kai. Aka barni na shiga bayan na cire ɗan kunnen roba da fil ɗin hijabina, na riƙe masa babban yatsan ƙafa. Ƙarar abin nan kuwa, kun san in an haɗa injin niƙa da maƙera a ɗaki ɗaya, ƙwanƙwasa ta tsaya wata ta ɗauka, wajen minti 40 ana abu ɗaya, ni dai Ya Hayyu Ya Ƙayyum kawai nake. Yaron nan ko gezau bai yi ba.

Washegari muka kai wa likitan ƙwaƙwalwa. Mutum ne mai natsuwa ba ya gaggawa, Bazabarme ne amma yana jin Hausa sosai. Ya buɗe a kwamfuta ya juyo mana da ita, naga kan ɗana an yanka shi faifai faifai kamar yadda ake yanka albasa, yana murza wani abu hoton na tafiya daga saman kai zuwa ƙasa. Ya tsaya a wani, gefen hagu wani wuri yana ƙyalli fari kamar an kunna tocila a ciki. Yace madam wannan shi ne sabon, irin wannan ɗaukar ana yinta ne dan ta nuna inda ruwa ya maƙale cikin naman da ya rasa jini, tana kama shi tun mintocin farko lokacin da sikanar ma bai isa ya gani ba, kuma hasken yana ɗaukar wajen sati biyu kafin ya dushe. Ya nuna wani hoton na jijiyoyi zalla kamar rassan bishiya ba ganye, reshen dama ya tafi har ƙarshe, na hagu wani reshensa ya je rabi ya yanke.

Sai ya sake murzawa ya koma ɓangaren dama, can ciki, ya sa bakin biro a kan wani ɗan ɗigo baƙi da bai fi ƙwayar wake ba. Yace wannan kuma tsoho ne, ya warke ya bar rami, ya fi shekara. Akwai lokacin da hannunsa ko ƙafarsa ta hagu ta taɓa yin sanyi ko da na kwana ɗaya ne?

Yaya yace a'a. Ni kuma sai naji kamar an zuba min ruwan randa a baya.

Lokacin sanyi ne ƙarshen 2022. Da safe na ba shi kofin koko ya sake shi ya zube, na sake zuba masa ya kuma sakewa, ranar kuma akwai kompozisiyo a lakwal, naga yana jan ƙafar hagu silifas na fita yana komawa ya sa. Nace wato dan kar ka je jarabawa ne ka ƙirƙiro wannan ko, na kama shi na zane shi da wayar caja, yana kuka yana cewa Mama wlh hannun ne baya ji, nace zai ji yanzu. Na ja shi har aji. Bayan kwana biyu ya ware na ƙara tabbata ƙarya yake. Ashe jini ne ya toshe a kan ɗana ina dukansa. A gaban likitan nan na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da ya faɗi, Yaya yana ta ke lafiya ke lafiya, na kasa ba shi amsa sai da muka fito.

Likitan ya barni na yi shiru dan kaina sannan yace tunda sau biyu ne a wurare biyu daban toh ba tsautsayi bane. Ya sa aka duba zuciya ba a ga komai ba. Amma na lura tun shigowarmu yana ta kallon tabaran Abba. Ya karɓa ya ɗaga ya ga kaurinsa, ya kama hannun yaron yana duba yatsu, ya sa ya cire riga ya ga ƙirjinsa da ya ɗan lotsa ciki, ya tambayi karatunsa, sannan yace ku biyun akwai zumunci tsakaninku? Muka ce ɗan mace da ƴar namiji ne. Yace kafin komai ku je wajen likitan ido a buɗe idon da magani a duba ciki, ba awon tabarau ba.

Can aka gano abin da shekara uku muna canza tabarau ba a gani ba. Akwai ɗan gilashi da Allah ya halitta cikin ido bayan baƙin, shi ne wanda in ya yi fari a tsufa ake cewa yanar ido, wasu siraran zaruruwa ne ke riƙe da shi ta ko'ina. Na Abba zaruruwan sun tsintsinke gilashin ya zame ƙasa a duka idon biyu, har likitar ta nuna min yadda baƙin idonsa ke ɗan rawa in ya juya shi da sauri. Da muka mayar da takardar likitan ƙwaƙwalwa ya karanta sai ya gyaɗa kai ya rubuta wani analiz, yace ana kiransa homosistayin, a lokacin sai da aka aika jinin waje. Mai ɗibar ma da ƙanƙara a gefensa, yace in jinin ya zauna a zafi lissafin ƙaruwa yake ya ba da ƙarya. Muka dawo gida da aspirin ƙarami da takardar kine, wato gashi da motsa gaɓɓai, muna jira, sati uku.

Rezilta ya zo ta WhatsApp. Na mai lafiya bai kamata ya wuce 15 ba. Na Abba ya haura 200.

Sunan ciwon homosistinuri. Bari in faɗe shi yadda na fahimta bayan na tambaya na kuma tambaya na karanta har idona ya yi ja, in na yi kuskure masana su gyara. Cikin abinci mai gina jiki, nama, kifi, ƙwai, madara, akwai wani sinadari metiyonin. Jiki in ya gama amfani da shi sai ya koma homosistayin, shi kuma akwai wani anzim, wato sinadarin da ke sarrafa abu a jiki, da ake ce wa CBS, yawanci a hanta, da ke juya shi ya zama wani abu mai amfani, kuma anzim ɗin baya aiki sai da bitamin B6. A jikin Abba wannan anzim ɗin ne rago. Kamar kwatar gida ce ta toshe ana ta zuba ruwa, toh ruwan baya zai dawo ya ci gindin bango. Homosistayin in ya taru yana cin bangon jijiyoyin jini ta ciki ya sa jini saurin daskarewa, shi ne ya tsinka zaren ido, shi ke sa ƙashi tsawo ba ƙwari, shi ke taɓa karatu. Duk abubuwan da nake gani ɗaya ɗaya ina ba kowanne nasa dalili, tsawo na gado, ido na waya, karatu na wasa, ashe tushensu ɗaya. Ƙishirwar azumi a wannan zafi kuma ta zo ta ƙara wa jinin kauri. Likitan yace waɗanda ba a yi wa magani ba kusan rabinsu kafin su kai shekara 30 jini ya taɓa toshe musu a wani wuri, ko kai ko ƙafa ko huhu.

Ciwon ba sabo bane, tun 1962 likitoci suka gano shi a Ailan ta Arewa da Amurka, sai dai yana da wuyar samu, a yawancin ƙasashe sai an haifi yara dubu ɗaruruwa kafin a samu ɗaya. Amma a Ƙatar kusan ɗaya ne cikin 1,800, kuma su ma mutane ne masu auren zumunci kamar mu. A can da wasu ƙasashen Turai tun jariri yana ƴan kwanaki ake ɗiga jinin dunduniyarsa a takarda a duba, a fara magani kafin ido ko kai ya taɓu. Da na karanta wannan sai da na aje wayar na fita tsakar gida.

Yadda ake gadonsa kuwa kamar sikila ne sak. Ni ina ɗauke da ƙwaya ɗaya mai matsala, Yaya yana ɗauke da ɗaya, mu biyun lafiyarmu lau dan ɗayar mai kyau ta isar mana, amma kowane ciki na ɗauka akwai kaso ɗaya cikin huɗu yaron ya kwaso biyun. Ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kawai zai yi ba, kowane ciki da nasa rabo, ana iya jera uku masu shi ana iya haifar goma ba ko ɗaya.

Inda Allah ya dube mu shi ne maganin. Masu ciwon kashi biyu ne, kusan rabi in aka ba su B6 mai yawa ragon anzim ɗin sai ya farfaɗo ya kama aiki, sauran kuma ko an ba su ba ya motsi, su sai an hana su yawancin abinci mai gina jiki a koma auna komai da sikeli, da wata madara ta musamman da wani magani betayin, abubuwan da ni ban taɓa gani a farmasin garin nan ba balle in san ta inda albashin malamar firamare zai fara. Aka ɗora Abba a kan B6 da folik asid da B12 aka ce a sake awo bayan wasu makonni. Na yi ta addu'a ba dare ba rana. Awo na biyu ya sauko ƙasa da 50. Yaya da ba mai kuka bane ranar a shago aka ce ya rufe fuska da hula. Ƙwayar bitamin fa, wadda nake wucewa a kanta a farmasi ban taɓa mata kallo biyu ba. Amma dan Allah kar wata ta karanta wannan ta je ta sayo ta ɗura wa ɗanta, likita ne ke auna adadin da nauyin yaro, B6 in ya yi yawa shi ma yana kashe jijiyoyin hannu da ƙafa.

Sauran dokokin da aka kafa mana, ruwa kar ya yanke masa, zawo ko amai ko zazzaɓi mai zafi a tafi likita a sa masa serom ba jira, nama da ƙwai a rage ba a hana ba, in doguwar tafiya ce a mota ya riƙa sauka yana taka ƙafa, kuma duk ranar da za a masa aiki ko na haƙori ne in dai da maganin barci toh a faɗa musu sunan ciwon tun kafin, dan lokacin aiki ne jinin ya fi son daskarewa. Shi yasa ma aikin idon aka ce a dakata tukun. Azumi kuwa likita yace babu, muka tambayi malamin unguwarmu yace ai Allah da kansa ya ɗauke wa mara lafiya. Abba ne dai bai yarda da wannan fatawa ba har yau, azumin da ya wuce sai da na riƙa tsare shi da kofi a hannu.

Yanzu yana tafiya da ƙafarsa, yana ɗan jan ta dama in ya gaji. Hannun ne bai dawo duka ba, yatsun basa buɗewa sosai, ya koma rubutu da hagu kuma abin mamaki rubutun ya fi na da kyau. Maganar ta dawo a hankali, da farko Mama kawai da a'a, sai ya zamana yana iya karanta Fatiha tiryan tiryan da waƙoƙin lakwal amma ya kasa cewa a bani ruwa, mai kine tace haka abin yake, abin da aka haddace da hanyarsa daban. Har yanzu in yana sauri kalma takan ɓace masa ya tsaya yana lalube yana buga ƙafa.

Wata rana ina shafa masa man zafi a hannun nace Abba ka tuna ranar da ka zubar da koko na dake ka, ka yafe min ban sani ba. Ya yi shiru yana neman kalmomin, can yace Mama ai dukanki ba zafi, na Baba ne mai zafi. Na rasa dariya zan yi ko kuka.

Tsohuwar nan maƙwabciyarmu kuwa wata biyu na yi bana gaishe ta, yaran unguwa har jifan ƙofarta suka yi. Da muka samu rezilta na ɗauki sabulu da sukari na shiga wajenta na durƙusa nace Iya ki yafe min. Tace ƴar nan ni dabino na ba shi dan naga yana azumi. Bata ƙara komai a kai ba ta hau tambayata jikinsa, wlh da zagina ta yi da ya fi min sauƙi.

Wajen Gwaggo ne aka sha daga. Likita yace a auna sauran yaran biyu ko da lafiyarsu lau, ita kuma da taji maganar gado da zumunci sai ta ɗauka ita ake nufi tunda ita ta haɗa auren, tace wato jininmu ne mara kyau, mu da muka yi ta auren gida tun kaka da kakanni ba mu ga haka ba sai yanzu da likitoci suka samu na'urar cin kuɗi, tace ba mai ƙara tsotse jinin jikokinta a kai wa Nasara. Ni dai ban ce auren zumunci haramun bane kuma ban yi nadamar auren Yaya ba ko na minti ɗaya, abin da na sani shi ne in gida yana da irin wannan a ɓoye toh auren gida ne ke haɗa shi wuri ɗaya, kuma gwajin da muke yi kafin aure baya ganinsa. Yaya ya rasa inda zai sa kansa tsakanina da uwarsa, kuɗin awon ma ba a hannu suke ba, maganar ta kwanta wajen wata biyu.

Ran nan da hantsi ina tankaɗe sai ga Gwaggo ta shigo, ta zauna a tabarma bata ko amsa gaisuwa da kyau ba tace ɗauko min hoton nan da kuke ta faɗa. Na sauko da babban ambulan daga saman armuwar, na ɗaga mata baƙar takardar a bakin ƙofa inda rana ke shigowa, na nuna mata babban na nuna mata ƙaramin. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan ɗan ɗigon. Sai ta juya tana kallon Abba da ke zaune a gindin darbejiya da tabaransa da dogayen ƙafafunsa.

Tace kin san muna da ƙane ni da ubanki? Nace na dai ji ana cewa akwai wanda ya rasu da ƙuruciya. Tace dogo ne haka, duk gidan ba mai tsawonsa, idonsa baya gani sosai har allo aka cire shi dan baya gane baƙi, ana ce masa dolo. Bai kai ashirin ba wata rana da bazara ya je gona sharar daji ƙafarsa ta kumbura, kwana uku yace ƙirjinsa, kafin a kira wanzami ya cika. Aka ce maciji ne amma ba wanda ya ga sara.

Ta kwance bakin zanenta ta ciro kuɗi a nannaɗe, ta aje min a kan faifan tankaɗe, tace a kai su biyun.

Na namijin ya fito 8. Na Ummi ya fito sama da 100, tana da shekara 4, an duba idonta gilashin yana nan daram inda Allah ya aje shi. Kullum da safe yanzu Gwaggo ce ke zuwa da kanta ta daka mata ƙwayar a cokali ta haɗa da zuma, dan tace ni bana iya lallashi.